Ranar Ganawar Taƙiyya

"Ba inda za ni," in ji Taƙiyya. "Su riƙe bizarsu."

Tana zaune a bakin gado, ta sa baƙar abayarta amma ba ta ɗaura niƙabi ba, jakar takardu a kan cinyarta. Ni kuma ina tsaye a ƙofar ɗakin da kwanon wake da gurasa, waɗanda na kawo mata don kada ta fita da yunwa. Can ƙasa mijina Shahata ya tayar da tasinsa tun ɗazu, yana ta danna hon, ya hana unguwa sakat.

Mijinta Alhaji Muƙbil na kwance, idonsa a rufe. Na ɗauka barci yake. Sai ya ce, "Tayar da ni."

Ta tayar da shi, ta jera masa matasai a baya. Ya ce ta ba shi kwat ɗinsa da rawani, ta ba shi. Ya naɗa rawanin da kansa, sannan ya dube ni.

"Ummu Ra'fat, waken nan naku na Masar da kuke ta kuri da shi, kawo in ji ko yau an dace."

Mutumin da ya yi kwana da kwanaki ban da ruwa ba abin da ke wuce maƙogwaronsa. Na miƙa masa kwanon. Ya gutsuri gurasa, ya dangwala, ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye. Ya ƙara. Har da ce mini gishiri ya yi kaɗan. Taƙiyya na kallon bakinsa kamar yadda uwa ke kallon jaririn da ya kama nono bayan ya daɗe yana ƙi.

"Kin gani?" ya ce mata. "Mai mutuwa yana neman gishiri? Tashi ki tafi, kada ki sa mutumin nan ya ƙone mansa a banza."

"Idan na tafi wa zai ba ka ruwa?"

"Ga Ummu Ra'fat. Bakinta ne ba ya hutawa, amma hannunta na da albarka."

Mutanen Yaman ne, suna haya a ɗakin da ke kallon namu, hawa na huɗu, a unguwar Faisal. Shi tun yana saurayi yake tsaron shago a Amurka. Kamar sauran mazan garinsu, ya bar matarsa a garinsu na kan dutse tana kula da uwarsa da gonarsa, sai bayan shekara biyu ko uku ya leƙo da akwati ya koma. Allah bai ba su haihuwa ba. Da yaƙi ya ci gidansu ya cinye mata 'yan'uwa, sai ya nema mata bizar Amurka, ya kawo ta nan Alƙahira ta jira. Ta jira har na manta lokacin da ba mu maƙwabtaka. Da ranar ganawarta a ofishin jakadancin Amurka ta fito, ya taso ya zo, ya zo kuma da ciwon hantar da likitocin Amurka suka ce ba sauran abin yi. Burinsa ɗaya ne, ya ga ta samu shiga wajen ƙanwarsa da ke can, kada ya bar ta a ƙasar da ba ta da kowa sai mu. Ranar ganawa kuwa idan ta wuce ka, Allah kaɗai ya san yaushe za a sake ba ka wata.

Ta tashi ta ɗaura niƙabinta. A bakin ƙofa ta damƙa mini makullin gidan, ta matse hannuna da shi.

"Idan ya yi tari ki jiƙa masa leɓe da cokali. Ba ya son kofi."

"Je ki, 'yar'uwa. Kafin la'asar kin dawo."

Muna jin saukarta hawa bayan hawa. Ya kasa kunne har ƙarar tasin ta ɓace cikin hayaniyar titi.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, Alhaji."

"To miƙo mini bokitin nan."

Duk abin da ya ci ya dawo, har da jini. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Na ɗauki waya na kira Naji, ɗan ƙanensa, mai gidan abincin Yamanawa a unguwar Dokki, na ce ya bar duk abin da yake yi ya taho.

Kafin Naji ya iso na zauna a kujerar da ke nesa da gadon, ƙofa a buɗe, ina jiƙa masa leɓe idan ya nema. Mai sayar da tukunyar gas ya wuce a ƙasa yana buga ƙarfensa. Alhaji ya buɗe ido.

"Da Larabci za su yi mata, ko?"

"Ai ka ce ka rubuta musu, sun amsa."

"Sun amsa. Amma idan aka samu kuskure aka yi mata Turanci, na san ta. Ba za ta iya ce wa baƙo ba ta gane ba. Duk abin da aka faɗa, to za ta ce. Ko an ce mata ke ce kika kashe Fir'auna, to za ta ce."

Na yi dariya, hawaye na zubo mini. Wallahi tausayinsa ya kama ni fiye da na kowa da na taɓa jinya, har da uwata.

Naji ya shigo yana haki, ya durƙusa ya riƙe hannunsa. Alhaji ya yi masa magana ƙasa-ƙasa da harshensu na dutse, wanda rabinsa kawai nake kamawa. Daga nan bai sake cewa komai ba sai kalmar shahada, Naji na faɗa yana bi. Kafin a kira azahar ya cika.

Na kira Shahata. Ya ce yana tsaye a ƙarƙashin wata bishiya a tsallaken ofishin jakadancin.

"Shiga ka fito da ita."

"In shiga ta ina, Ummu Ra'fat? Ko allura ba ta wuce ƙofar nan sai da takarda. Wayarta ma ga ta a aljihuna, ba a shiga da waya."

"To aika mai gadi."

"Na roƙa. Ya ce shi ba ɗan aike ba ne, kuma mutane sun fi ɗari a ciki. Sai dai in jira ta fito."

"Idan ta fito kada ka faɗa mata komai. Ka kawo ta kawai."

"Da wace fuskar zan dube ta?"

"Da wadda kake duba ni idan ka ɓoye kuɗin sigari."

Yamanawa ba su da wasa a kan gawa. Kafin in wanke bokitin nan in shanya, Naji ya kawo likita, ya aika an karɓo takardar izinin binnewa, mai wanka ya zo da likkafani da turare. Maza suka cika matakala, masu zane da kwat, waɗansu ko sanin Alhaji ba su yi ba, sun dai ji an ce ɗan ƙasarsu ya rasu. Maƙabartar da suke kai nasu tana can bayan gari cikin sahara, tafiya ce mai nisa, kuma ba a binnewa a can idan rana ta faɗi. Motar ɗaukar gawa ta iso, ta toshe layi, masu tuk-tuk, baburan hayar nan masu ƙafa uku, suna ta zage-zage.

Ni dai ina kallon agogo ina kallon waya. Matansu ba sa bin gawa maƙabarta. Idan aka sauko da shi daga benen nan, shi ke nan, ita da fuskarsa sai a lahira.

Da aka gama shirya shi, mazan da ke ciki suka fito don su taimaka a hawo da makara, saboda matakalarmu ƙunci gare ta, sai an karkata. Ina ganin na ƙarshensu ya fito, na jawo ƙofar na murza makulli, na jefa shi cikin rigata.

Naji ya juyo. Idonsa ya yi ja don kuka.

"Hajiya, mene ne haka?"

"Ba inda za shi sai matarsa ta dawo."

"Hajiya, ki ji tsoron Allah. Girmama mamaci a gaggauta shi. Da bakinsa ya ce mini kada in bar shi ya kwana a waje."

"Ba zai kwana ba."

"Kin san lokacin fitowarta? Wasu sai magariba ake sallamarsu. Ga cunkoson gada. Idan rana ta faɗi mana a hanya, ke za ki ɗauki alhakin?"

"Na ɗauka."

Wani dattijo daga ƙasan matakala ya ce wannan ba al'adarsu ba ce, mace ba ta tsare gawa. Na ce masa nan ba kan dutsenku ba ne, nan Faisal ce, kuma makullin nan matar gidan ce ta ba ni, duk namijin da ya isa ya zo ya ciro shi daga inda yake. Ba wanda ya motsa.

Naji ya matso, ya sassauta murya. "Inna, baffana ne. Ni ma ba da son raina ba."

"Na sani, ɗan nan. Amma rabin rayuwarta ta yi tana jiran ya dawo daga Amurka. Shi ba zai iya jiran ta dawo daga cikin gari ba?"

Ya jingina da bango yana share fuska da gefen rawaninsa. Direban motar gawa ya hawo ya yi mita ya sauka. Ni kuwa na zauna a ƙasa, bayana a jikin ƙofar, ina jan carbi ba tare da na san abin da nake faɗa ba. Tsoro nake ji sosai, don idan ba ta fito da wuri ba, na jawo wa mamaci abin da ya roƙa kada a yi masa.

Sai waya ta yi ƙara. Shahata ne. "Mun taho," ya ce, ya kashe.

Ba a kai ga kiran la'asar ba muka ji tsayuwar tasinsa. Na leƙa ta tsakiyar matakala. Tana hawowa da sauri, yadda ban taɓa ganin ta hau ba, da wata 'yar takarda a hannunta. A hawa na biyu ta ci karo da mazan farko. Suka manne da bango, suka sunkuyar da kai. Ta rage sauri. A hawa na uku ta ga makarar a jingine. Ta tsaya ta dube ta, sannan ta ci gaba da hawowa, tana dafa bango.

Ba ta tambaye ni komai ba. Na ciro makullin na ba ta, ta buɗe da kanta. Na bi ta ciki, na kwance likkafanin daga wajen fuska, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Ta cire niƙabinta. Ta zauna a inda ta zauna da safe, ta daɗe tana kallonsa. Na jira ihu, don mu a nan da ihu muke karɓar mutuwa. Ba ta yi ba. Ta gyara zama ta fara magana, da muryar da take yi masa hira kullum.

"Da Larabci suka yi mini, Alhaji. Wata yarinya ce baturiya a bayan gilashi, Larabcinta irin na masu karanta labarai. Na gane komai. Inda ban gane ba na ce ta sake faɗa, ta kuwa sake."

Ƙofar gidan a buɗe take. Duk wanda ke kan matakala yana ji.

"Ta sa na ɗaga hannu na rantse zan faɗi gaskiya. Ta tambayi sunan garinmu, na faɗa. Ta tambayi shekarar da aka ɗaura mana aure, na ce shekarar da ruwa ya tafi da gonar babanka, ta yi dariya ta duba takarda. Ta ce yaushe rabona da kai. Na ce yau da safe. Ta ce kana lafiya? Na ce lafiya lau, ka tashi ka zauna, ka ci wake, har ka ce gishiri ya yi kaɗan. Na ce kana gida kana jirana."

Ta ɗaga 'yar takardar ta kai kusa da fuskarsa.

"Sun ba ni. Ta ce in zo in karɓi fasfo. To ga shi sun ba ni, Alhaji. Wajen wa zan je?"

Na toshe bakina da mayafi na fita waje, na jawo ƙofar ban rufe ta duka ba.

Ladanin masallacin layinmu ya kira la'asar. Wani ya taɓa kafaɗar Naji ya nuna masa agogo. Naji ya girgiza kai, ya tattara zanensa ya zauna a kan matakala. Na kusa da shi ma ya zauna, sai na ƙasa da shi, har zuwa hawa na biyu. Daga cikin ɗaki muryarta na fitowa a hankali, ta kai ga tambayar da aka yi mata a kan sunan ƙanwarsa.