Takardun da Ba Sa Shiga Inji

Tun da Malam Dalhatu ya ajiye aikin magatakardan kaya a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, rayuwarsa ta tattara ta koma cikin wani tsohon sito da ke bayan kasuwar hatsi. A nan ya kafa ƙaramin inji mai niƙa tsofaffin takardu yana fitar da kiret ɗin ƙwai. Masu baro da masu keke napep ne ke kawo masa takardun buhu-buhu: jaridu, yagaggun kwalaye, takardun jarrabawar da aka gama dubawa, da littattafan rubutu na makarantun da aka rufe a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi. Mata biyu ke taya shi, Asiya da Zulai, waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga Galadi. Su ke jiƙa takarda a cikin durom, su ke kwashe ɗanyen kiret daga bakin inji su jera a rana. Aiki ɗaya ne kawai bai taɓa bar wa kowa ba, shi ne tsintar takardu kafin a jiƙa su.

Dalilin wannan ya faru ne a shekararsa ta farko. Wata rana yana ratsa kasuwa ya ga kiret ɗin da ya fito daga hannunsa yashe a ƙasa, wani mai sayar da ƙwai ya ɗora ƙafa a kai yana ciniki. Da ya sunkuya sai ya ga wani ɗan yanki da inji bai narkar ba, manne a gefen kiret ɗin, da rabin Bisimilla a jikinsa. Ya roƙi kiret ɗin, ya kai gida, ya kasa cin abinci ranar. Tun daga nan, kowane buhu sai ya zazzage shi a kan tabarma ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ya ga aya a jikinta, ko hadisi, ko sunan Allah ko da da boko aka rubuta, sai ya ware ta a cikin wani farin buhu. Ranar Alhamis da hantsi yakan yi alwala, ya kai su wani rami da ya haƙa a bayan siton, ya ƙona, ya rufe tokar da ƙasa, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi a garinsu, Badarawa.

Aikin tsinta aiki ne na shiru, kuma shirun ya dace da shi. Matarsa Ummi ta rasu shekara uku da suka wuce. 'Ya'yansa biyu suna Gusau da Zariya, sukan kira ranar Juma'a su tambayi lafiyar gwiwarsa. Gidan ya yi masa girma, don haka yakan daɗe a kan tabarmar, yana karanta rubutun yaran da bai sani ba, yana tunanin ko ina suke yanzu.

Mafi yawan kiret ɗinsa wata babbar gonar kaji ce a Kaduna ke kwashewa. A tsakiyar damina gonar ta aiko wa duk masu kawo mata kaya da sanarwa: daga sabuwar shekara ba za ta karɓi kiret ba sai mai ɗauke da tambarin koren ganye, wato shaidar da wata hukuma mai zaman kanta ke bayarwa cewa an yi kayan daga tsohuwar takarda ba tare da ɓata ruwa ko iska ba. In babu tambarin, babu gonar. In kuwa babu gonar, abin da 'yan kasuwar Kaura ke saye ba zai riƙe mutum uku ba.

Halilu, ƙanin marigayiya Ummi, wanda ke da shagon buga takardu kusa da tasha, shi ya cike masa fom ɗin neman tambarin. Yana karantawa yana bugawa, har suka zo kan tambayar da ke cewa, shin ana ƙona wani abu daga cikin takardun da ake tarawa.

"A'a," in ji Halilu, ya danna.

"Halilu, ka san dai ramin nan."

"Haba Yaya! Wanga ɗan hayaƙin naka har ya kai a rubuta shi? Mai shayin bakin tasha ya fi ka hayaƙi sau goma. In ka ce i, su waɗanga mutane ba su san aya ba, ba su san rami ba. Jan biro kawai za su sa maka."

Malam Dalhatu ya yi shekara talatin yana karanta takardun turanci a tasha, ya san abin da tambayar ke nufi sarai. Ya karɓi biro ya sa hannu a ƙasan fom ɗin.

Makonni shida suka wuce kafin a aiko cewa mai bincike za ta zo ranar Talata. Ranar Litinin da la'asar Halilu ya zo a kan babur, ya zagaya bayan sito, ya tsaya yana kallon baƙar ƙasar da ke kan ramin.

"Wanga ko makaho ya ji ƙaurinsa," in ji shi. "Kawo buhunan can."

Suka jera buhunan kwali goma sha biyu a kan wurin, suka lulluɓe da tamfol. Malam Dalhatu da kansa ya ɗauki huɗu daga ciki, gwiwarsa tana ƙara. Da suka gama Halilu ya kaɗe hannu yana dariya, ya ce, "Da Yaya Ummi na nan da ta ce tsufa ya koya maka wayo." Malam Dalhatu dai bai yi dariya ba.

Mai binciken ta iso da ƙarfe goma, ta sauka daga keke napep da jaka a kafaɗa. Sunanta Hajiya Lubabatu, mace mai kimanin shekara arba'in, ta kwana a Gusau ta kamo hanya da safe. Ta rusuna ta gai da Malam Dalhatu, ta kira shi Baba, ta tambayi matan biyu sunayensu da garinsu kafin ta taɓa komai. Sannan ta shiga aiki. Ta duba rijiyar da ake ɗiban ruwa, ta bi kwatar da ruwan jiƙo ke bi har zuwa tankin da ake tace shi a sake amfani da shi, ta ɗebi kaɗan a kwalba. Ta tambayi ko ana zuba maganin fari ko rini, aka ce mata babu. Ta fasa kiret ɗaya da hannu ta shinshina. Halilu na biye da ita yana bayani tun ba a tambaye shi ba.

"Wurin nan ya fi wasu manyan masana'antu tsabta," ta ce, tana rubutu. "Baba, wa ya koya maka tace ruwa haka?"

"Tsadar ruwa ce ta koya mani, Hajiya."

Ta yi murmushi. Suka dawo cikin sito, ta zauna a kan benci ta buɗe fom ɗin a kan cinyarta. Idonta ya kai ga tabarma da farin buhun da ke jingine a kusurwa, wanda da gangan ko da mantuwa ba a ɗauke ba.

"Wancan fa?"

"Leda ce da ƙusoshin littafi da muke cirewa," Halilu ya yi wuf ya amsa. "Masu gwangwan ke zuwa su kwashe."

"To madalla." Ta juya ga mai wurin. "Baba, saura tambaya ɗaya, kai zan yi wa tunda hannunka ne a nan. Duk takardar da ta shigo ƙofar nan, inji take shiga?"

Daga waje ana jin Asiya da Zulai suna jera kiret suna gardama kan ko hadarin da ya taso gabas zai zubar. Malam Dalhatu ya saurare su. Ya san kalma ɗaya ce ke tsakanin matan nan da aikinsu, kuma kalmar ba ta da wuyar faɗi, tunda ya riga ya faɗe ta sau ɗaya da biro. Amma a shagon Halilu takarda ya yi wa ƙarya. Yanzu kuwa mutum ce zaune a gabansa, ta kira shi Baba, tana jira ba tare da ko ɗigon zargi a fuskarta ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, ƙaryar a kan takardun nan ce, waɗanda sai ya yi alwala kafin ya ƙone su.

"Ba duka ba," ya ce. "Taso ki gani."

"Yaya!" in ji Halilu.

Bai waiwaya ba. Ya zagaya baya, ya yaye tamfol, ya fara janye buhunan ɗaya-ɗaya. Babu wanda ya taya shi. Da ƙasar ta bayyana ya sa sanda ya tona kaɗan, toka ta fito. Ya yi mata bayani a taƙaice: farin buhu, ranar Alhamis, shekara shida.

Wani guntun shafi da wuta ba ta cinye ba ya fito tare da tokar. Hajiya Lubabatu ta sunkuya ta ɗauka da hannun dama, ta hure ƙasar da ke kai, ta miƙa masa.

"Kakata ma haka take yi," ta ce a hankali. "Baba, me ya sa ba ka rubuta ba?"

"An ce ba za ku gane ba. Ni kuma na yarda, don ya fi mani sauƙi."

"Da ka rubuta i, da ba komai ba ne. Da mun ce ka daina ƙonawa, ka naɗe su a ƙyalle mai tsabta ka binne, ko ka jiƙa su daban har rubutun ya wanke ka zuba ruwan a gindin itace. Ka tambayi malamai, za su gaya maka. Mun yi haka da wani a Funtuwa, sati biyu ya samu tambarinsa." Ta dubi fom ɗin. "Amma amsar da ba gaskiya ba, ƙa'idarta daban ce. Shekara guda kafin a sake nema."

"Hajiya, don girman Allah," Halilu ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na buga, ba shi ba. Mu uku ne nan. Ki ɗauka ba ki gani ba, daga yau ya daina. Ai ke ma kin ce wurin ya fi na manya tsabta."

"Ya fi." Ta rufe jakarta. "Malam Halilu, tambarin nan ba shi da wani amfani sai na cewa wani ya zo ya duba, kuma abin da ya gani shi ya faɗa. In na ɗauka ban gani ba, zanen ganye ne kawai." Ta juya ga Malam Dalhatu. "Zan rubuta cewa kai da kanka ka nuna mani. Ban sani ba ko zai rage wani abu. Ba na son in yi maka alkawari."

"Rubuta yadda yake," ya ce.

Ya raka ta har bakin titi, ya tsayar mata da keke. Ta yi masa sallama sau biyu, kamar mai neman wata magana ta rasa. Da ya dawo ya tarar Halilu ya riga ya hau babur.

"Minti ɗaya ya rage, Yaya. Minti ɗaya! Ka ce i, ta tashi ta tafi, gobe ka binne abinka yadda ta ce, wa ya cutu?" Ya buga babur ɗin bai tashi ba, ya sake bugawa. "Kai ka huta, ka wanke zuciyarka. Su waɗancan matan fa? Su za su ci wankin?"

Tambayar ita ce wadda Malam Dalhatu yake yi wa kansa tun daga bakin titi. Babur ya tashi, Halilu ya fice ba sallama.

Hadarin ya watse bai zubar ba. Matan biyu sun gama juya kiret, sun wanke hannu, suna zaune a inuwar katanga suna jiransa. Sun ga an yaye tamfol, sun ji muryar Halilu, amma ba su ji abin da aka ce ba.

"Malam," in ji Asiya, wadda ita ce babba, "ta sa muna ganyen?"

"Ba ta sa ba."

"Wurin namu ne bai yi mata ba? Wallahi tun asuba munka share."

"Wurinku ya yi. Laifin nawa ne, na rubuta abin da ba shi ba ne." Ya tsaya a gabansu, hannunsa duk toka. "Gonar Kaduna za ta ɗauki kaya har ƙarshen shekarar nan. Bayan nan mutum ɗaya kawai zan iya riƙewa, sai an ga shekara. Ban san yadda zan zaɓa ba."

Asiya ta dubi Zulai, Zulai ta dubi ƙasa. Tare suka gudo daga Galadi a bayan babur ɗaya, ɗaki ɗaya suke haya, 'ya'yansu tukunya ɗaya suke ci.

"To gobe mu zo?" Zulai ta tambaya.

"Ku zo."

Suka tashi, suka gyara mayafi, suka ce Allah ya kai mu. Kullum in sun tashi aiki hirarsu takan kai har bakin kasuwa, yana jiyo ta daga ƙofa. Yau ya bi su da kallo, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu mai ce wa 'yar'uwarta uffan, har suka sha kwana.