Abin da Zacharias Ya Ce a Kulle

Tayoyin baya suna ta juyawa a cikin taɓo, laka tana fallatsa har kan gilashi, motar kuwa ko gezau. Godfrey ya sake taka totur, ya ja ƙaramar giyar nan da ubansa ke kira ogzileri, ya zagi hanyar da wanda ya fara bin ta. Uwarsa Perpetual tana gefe, kan mijinta Zacharias a kafaɗarta, yawu yana bin gefen bakinsa da ya karkace.

"Kulle," in ji Zacharias. "Kul... le."

"Na kulle, Baban Godfrey. Yi shiru."

Duk wanda ya zauna layinmu a Karshi ya san wannan a-kori-kura. Zacharias direban gwamnati ne, da ya yi ritaya sai ga shi ya jawo ta da igiya daga gwanjo, tsohuwa mai shan gas, kaji har sun yi ƙwai a kujerarta. Shekara huɗu yana ƙarƙashinta. Mu matan layi mun fi sanin tafin ƙafarsa da fuskarsa. Ya sauke inji ya mayar, ya ƙara mata sifirin har ta yi tsayin da sai Perpetual ta tattare zani take iya hawa. Ya sa mata tayoyi masu haƙora, ya liƙa wani bututu a gefen gilashi, wai ko ta shiga rafi ba za ta sha ruwa ba. Duk don gonar doyarsa da ke bayan dutse, inda da damina ko babur ba ya kaiwa.

Perpetual ba ta taɓa son motar ba, don ita ke wankin kayan baƙin mai. Mazan mutane suna coci ranar Lahadi, nata yana wanke filta. Sau nawa ya kira ta ta zo ta ga wani abu a tayar gaba, ta ce masa ita ba karen mota ba ce. Godfrey kuwa ɗan ofis ne a Garki, motarsa ko kuloci ba ta da shi, uban yana fara bayani zai hau latsa waya. Ga wani hali na Zacharias: tunda aka sace masa sifana ɗaya, ba ya fita sai ya tambaya ko an kulle rumfar kayan aikinsa. Har kwaikwayonsa muke yi a bakin famfo.

Ranar da abin ya faru, wata Asabar, su uku suka je gona, hanya a bushe. Suna can hadari ya haɗu. Kafin ruwan ya ɗauke Zacharias ya faɗi tsakanin kunyoyi, ɓarin jiki ya shanye. Suka ɗauko shi, Godfrey ya karɓi sitiyari, ba su yi nisa ba suka kafe a gangaren rafi.

Godfrey ya cusa duwatsu, ya cusa rassa, motar sai ƙara nutsewa take. Daga baya ya hau dutse neman sabis ɗin waya, ya kira Nazeer, bakaniken da ya taya uban haɗa injin.

Zacharias ya ɗaga hannun da ya rage masa, ya nuna gaba, ya sake cewa kulle. Perpetual ta bi yatsan da ido, ta ga wajen gida yake nunawa. Tsoro da haushin shekara huɗu suka taso mata tare.

"Mutum yana mutuwa, sifana yake tunani. Na ce maka na kulle. Allah ya raba ni da kai da ƙarafanka."

Ya kalle ta. Ya sauke hannun. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Nazeer ya iso da la'asar, a ƙafa, wando a naɗe. Ya leƙa cikin motar ya yi salati, ya cire hula. Sannan ya tsuguna a tayar gaba, ya goge laka da babban yatsa, ya murɗa wani ɗan abu a tsakiyarta wanda bai fi murfin kwalba ba. Ƙas. Ya zagaya ɗaya ɓangaren. Ƙas.

"Oga Godfrey, ai ba ku kulle gaba ba. In ba a murɗa wannan ba, ko sau ɗari ka ja ogzileri, tayoyin gaba ba za su ja ba."

"Me ka ce?" in ji Perpetual.

"Kulle, Mama. A nan ake kullewa. Oga bai nuna muku ba?"

Perpetual ta ƙura wa tayar ido. Nazeer ya shiga ya tayar, taku ɗaya motar ta fita daga taɓon, ta haye rafin, ruwa har ƙofarta, ko tari ba ta yi ba. Haka ta kawo gawar mai ita gida. Rumfar kuwa, na leƙa ta katanga ran nan, a buɗe ta yini.

Wajen zaman makoki maza suna ta zagaya motar, suna buga taya da ƙafa, suna yabon hannun mamaci. Har da masu tambaya a kunne ko za a sayar. Perpetual ta ce a'a, Godfrey bai sa baki ba, ya koma Garki.

Yanzu ciyawa ta fito a ƙarƙashin motar, kaji sun koma kujerarsu. Da safe in na fito ɗiban ruwa nakan ga Perpetual a tsugune a tayar gaba, zani a tattare. Ta murɗa nan, ƙas. Ta mayar, ƙas.