Allon Gadon Luba

Shekara uku ke nan Luba ba ta sa mahaifiyarta a ido ba, alhali idan gari ya yi sarari, daga bakin ruwa ana hango rimin ƙofar gidansu a ɗaya tsallaken dam ɗin Tiga. Tun ranar da kwalekwale ya kife da ita suna dawowa daga suna, aka tsamo ta tana aman ruwa, ta ce ita da kwalekwale sai dai kallo. Sau ɗaya ta gwada zagayawa ta tudu, mota biyu sannan babur, ba ta kai rabin hanya ba ciwon ƙugunta ya tashi, aka juyo da ita ta yi sati biyu a kwance.

Mijinta Mudi kuwa shi ne mai ƙera kwalekwale a garin. Wanda ya kife ɗin ma aikin hannunsa ne. Kowa ya san lodi ne ya yi yawa, kuma Luba ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, amma shi bai manta ba.

Wata ranar Laraba cikin bazara ƙaninta Aminu ya bugo waya. Mudi yana gefe yana wasa gizago, yana jin komai, don wayar Luba ba ta da sirri.

"Yaya, jikin Inna dai sai a hankali. Kunu kawai take iya sha. Kullum da safe sai ta tambaya ko kin ƙetaro."

"Ka ce mata ina nan tafe," in ji Luba.

Da ta ajiye wayar ta daɗe tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Da ma irin farin jirgin nan ne na bayan gidan marigayi Zakariyya. Shi ba ya rawa. Da na shiga."

Mudi ya ci gaba da wasa gizagonsa. Washegari ya je ya gaida 'ya'yan marigayin, ya nemi jirgin, suka ce ya ɗauka, ya ma rage musu wahala. Jirgin faiba ne mai faɗi, wato irin robar nan mai tauri, wasu masu kiwon kifi suka zo da shi shekarun baya, aikinsu ya watse suka bar shi. Awaki ke kwana a ciki. Da amalanken shanu aka jawo shi gindin tsamiyar da Mudi ke aiki.

Da ya kwashe kashin awaki ya wanke, sai ɓarnar ta fito. Cikin jirgin ya tsage wuri biyu, katakon daɓensa ya ruɓe. Bangon baya, inda ake ɗaura inji, daga waje lafiya lau, amma da ya ƙwanƙwasa sai ya ji kamar ƙwarya. Ya soka wuƙa ta wata kafa, abin da ya biyo ta baƙi ne jiƙe-jiƙe, kamar tsohuwar dusa. Ashe katako ne aka lulluɓe da faiba gaba da baya, ruwa ya shiga ta ramin noti ya cinye shi tas.

Katako Mudi ya sani. Faiba kuwa mutum ɗaya ya sani da ya iya ta, taubashinsa Sabo, mai gyaran jikin mota a Kwanar Dangora, wanda ke ɗinke fasassun bambar motoci da ita.

Sabo ya zo ranar Asabar a kan babur, ya zagaya jirgin sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Taubashi, wannan bahon wankan wa ka sato?"

"Na tsohonka ne, ya bar maka gado."

"Da tsohona yana wanka a wannan, da ban fito baƙi haka ba." Ya durƙusa ya leƙa ƙasa. "Zai gyaru. Amma ka ji sharaɗina. Ni zan yi faiba, kai za ka yi katako, kuma kada ka koya mini aikina."

"Wa zai koya wa biri hawan bishiya?"

Suka yanke fatar ciki ta bangon baya, suka ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon har sai da fatar waje ta rage ita kaɗai, siririya, rana na ratsa ta. Suka goge bakin tsagar nan biyu da samfefa. Ƙurar faiba ta shiga wa Mudi hannu da wuya, ya yini yana susa.

"Haka take gaisuwa," in ji Sabo. "Kada ka yi wanka da ruwan zafi, sai ta ƙara shiga."

Ya nuna masa yadda ake yi. Ga ƙyallen faiba fari mai sheƙi, ga gam a galan mai kauri kamar zuma, ga wata 'yar kwalba da ake ɗiga ruwanta a ciki don ya daskare. In aka ɗiga da yawa, gam ya sandare a kwano kafin a kai buroshi. In aka rage, ya kwana yana danƙo. A ranar suka toshe tsagar cikin jirgin, shimfiɗa uku-uku, kafin la'asar ta yi tauri kamar ƙashi. Mudi ya buga da bayan gizago, ya gyaɗa kai.

"Saura bangon baya," in ji Sabo yana goge hannu. "Ka yanko katako mai kauri, ya shiga daidai. Ran Talata zan dawo in rufe shi."

Mudi yana da wani guntun maɗaci da ya daɗe yana ɓoyo. Ya auna, ya yanka, ya sassaƙe, ya zura shi a gurbin. Ya shiga, sai dai akwai ɗan sako-sako a gefe, wurin da tsinke zai iya wucewa. Wannan bai dame shi ba. Shekara arba'in yana maganin irin wannan, kuma mahaifinsa ma haka ya yi: sabon kwalekwale ana cika shi da ruwa ne ya kwana uku, katako ya sha ya kumbura, kowace kafa ta rufe kanta. Sai ya jiƙa buhu ya lulluɓe katakon, safe da yamma yana kwara masa garwa guda. Ranar Litinin da la'asar ya janye buhun. Katakon ya cika gurbinsa dam, ko reza ba za ta shiga ba. Ya bar rana da iska suka busar da fuskarsa.

Sabo ya zo Talata, ya shafa, ya yaba.

"Kai, ashe tsufa bai gama da kai ba."

Ya shafe shi da gam, ya shimfiɗa ƙyalle huɗu, ya tafi.

Da Mudi ya fito bayan sallar asuba, gari ya ɗan yi haske, sai ya ga bangon ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono. Ya sa farce a gefe. Faiba ta ɗago gaba ɗaya, kamar ɓawon rogo, ƙarƙashinta katakon na naso.

Sabo ya iso da hantsi, ya ɗaga fatar, ya shinshina katakon, ya dubi Mudi.

"Me ka yi masa?"

"Ba abin da na yi masa. Ruwa kawai na ba shi ya kama."

"Ruwa?"

"Kwana uku. Kamar yadda ake yi."

Sabo ya zauna a kan saiwar tsamiya ya yi dariya har da tari. Da ya ga Mudi bai taya shi ba, sai ya tsaya.

"Taubashi, naku jirgin da ruwa yake rayuwa, wannan kuwa ruwa ne ajalinsa. Abin da ya kashe na farkon ke nan, kai kuma ka ɗauko garwa ka ba shi da hannunka. Gam ba ya kama jiƙaƙƙen abu. Ko ya kama, ka kulle ruwa a ciki ke nan, ya ci katakon a ɓoye, wata rana inji ya ɓalle da bangon a tsakiyar dam."

"To sai a shanya shi."

"Maɗaci mai wannan kauri? Wata biyu, in Allah ya taimaka. Ka dubi gabas."

Mudi ya duba. Kwana uku ke nan hadari na haɗuwa da yamma yana watsewa. In damina ta sauka, iska za ta riƙa tayar da ruwan dam, ba mai ƙetarawa da mace mai tsoro.

"A kasuwa fa?"

"Na 'yan katako ɗanye ne, jiya-jiya aka tsaga. Falawud ɗin da suke sayarwa kuma, in ya ga ruwa kumbura yake kamar burodi a shayi. Busasshe nake so, wanda ya manta da ruwa."

Mudi ya bi rumfarsa yana ɗaga katako ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya mallaka na bakin ruwa ne, wani ya sha, wani siriri ne, wani gara ta taɓa. Ya dawo ya zauna. Suna nan zaune Luba ta fito da kwanon fura da ludaya biyu. Ta gaida Sabo, ta dubi fatar faiba a ƙasa, ta dubi mijinta.

"Ya ɓaci ne, Malam?"

"Ni na ɓata shi," in ji Mudi.

Sabo ya yi mata bayani, wannan karon ba wasa a ciki. Ta saurara har ya gama, ta koma gida. Jim kaɗan suka ji ƙarar ana jan wani abu mai nauyi a ɗaki, sannan muryarta.

"Malam, zo da abin kwance noti."

Gadon aurenta ne. Inna ce ta sayar da saniya ta sa kafinta a Tudun Wada ya yi mata shi, shekara talatin da takwas da suka wuce. Allonsa na wajen kai falle ɗaya ne na maɗaci, kaurin yatsa uku, an zana masa furanni da tsuntsaye biyu suna fuskantar juna. Luba ta riga ta sauke katifa.

"Luba, wannan fa na Inna ne."

"To ai wurinta za shi."

"A ina za ki kwanta?"

"Ƙasa ta ƙi ni ne? Kwance, Malam, rana na yi."

Da suka fito da allon, Sabo ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya yi ƙara kamar kalangu.

"Wannan ko sunan ruwa bai sani ba." Ya juya ga Luba. "Amarya, ki ɓoye duk garwar gidan nan. In kin ga mijinki ya nufi rijiya, ki yi kururuwa."

"Ka ji da shi kai, ni na gaji," in ji ta, har da ɗan murmushi.

Fitar da jiƙaƙƙen katakon ya ci musu yini, don ya kama gurbin da gaske, sai da Mudi ya farfasa shi. Suka bar wurin ya sha rana kwana biyu. Mudi ya auna allon sau uku kafin ya sa zarto, kuma ya yanka ta yadda tsuntsayen za su faɗo a tsakiya. Ya kankare tsohon fenti mai sheƙi don gam ya samu wurin kamawa, amma zanen ya yi zurfi, bai gogu ba. Inda ya yi sako-sako, Sabo ya kwaɓa gam da garin katako ya cike, sannan ya lulluɓe allon da faiba. Mudi yana tsaye yana kallo, hannunsa a baya.

Washegari bangon ya fito garau, launin zuma, ana ganin furannin da tsuntsayen a ciki kamar ta cikin ruwa mai sanyi. Sabo ya hau ya yi tsalle a kai, bai motsa ba. Ya huda ramin noti, ya ɗura wa kowane rami gam kafin ya zura ƙarfe. Daɓen kuma suka yi shi da sandunan gadon. Da ya ɗauko farin fenti zai shafe bangon, Luba ta ce daga bakin ƙofa, "Bar shi haka."

Ranar Lahadi suka tura shi ruwa ba kowa a ciki, suka ɗaure shi ya yini. Mudi ya shiga da la'asar ya shafa kowane lungu da tafin hannu. A bushe. Wani masunci maƙwabcinsu ya ara musu ƙaramin inji.

Litinin da sassafe ruwan ya kwanta lumui. Luba ta fito da ƙullin daddawa da kwanon man shanu da turmin atamfa. Ta tsaya a bakin ruwa, takalmanta a hannu, ta daɗe. Ba wanda ya ce ta yi sauri. Sabo, wanda ya bar garejinsa ya zo, ya taka gefen jirgin da dukan nauyinsa don ta gani. Jirgin ya ɗan sunkuya kaɗan ya koma.

Ta yi bismilla ta shiga. Ba ta zauna a kan benci ba, sai ta wuce baya ta zauna a daɓe kusa da ƙafar Mudi, ta jingina da allon, ta rufe ido.

"Kin ga ai gadonki ne," in ji Sabo. "In barci ya ɗauke ki, a gaida Inna."

Mudi ya ja igiyar inji, a ja na uku ya tashi. Bai ba shi wuta sosai ba. Suka wuce ragar masunta, suka wuce kan busassun itatuwan da ruwa ya shanye tun zamanin da aka yi dam ɗin. Hannun Luba yana riƙe da idon sawunsa, yana jin yadda take matsawa duk sanda ɗan kaɗawar ruwa ya taɓa su. Wajen tsakiya riƙon ya sassauta. Da ya duba, idonta a buɗe, tana kallon rimin yana girma.

Aminu na jiransu a gaɓa, wandonsa a naɗe. Ya kama hancin jirgin ya ja.

"Yaya! Ke ce kuwa?"

"Tana ina?"

"Tana tsakar gida, an fito da ita shan hantsi. Yau ma ta tambaya."

Luba ta sauka, ruwa ya kai mata ƙwauri, ba ta ko duba ba. Ta bar takalma da ƙullin daddawa a jirgi ta kama hanyar gida, tana ɗan ɗingishi saboda ƙugun, tana sauri. Aminu ya kwashi kayan ya bi ta.

Mudi ya ɗaure jirgin a jikin wani kututture. Ya ciro tsumma daga aljihu ya goge 'yan ɗigon ruwan da suka fantsama a kan allon, ya bi bakin kowane noti ya tsane shi. Daga can cikin gari ya jiyo guɗa. Ya ninke tsumman, ya wanke ƙafa, ya hau tudu ya je gaida surukarsa.