Buhu a Kan Fitilar Titi

Shekarar da aka halatta shuka wiwi a gida a ƙasarsu, Iya Thongbai ta shuka irin da ta gada wajen uwarta a bayan madafa, saboda ɗan abin da take jefawa a romon taliya. Irin nan ba ya fure sai dare ya fara tsawo. Kwatsam aka kafa fitilar titi daidai shingenta, mai kwana tana haske kamar rana. Wiwi ya yi ta miƙewa har ya wuce rufi, amma ko fure ɗaya babu.

'Yarta Saifon ta dawo daga birnin Udon da ƙunshin irin wiwi na ƙasar waje.

"Mama, wannan ba ruwansa da haske ko duhu. Wata uku kin girbe."

"Abin da bai san dare da rana ba zan zuba a tukunyata? Watsa wa kaji."

Da rana tsaka tsohuwa ta jingina tsani, ta hau da tsohon buhun shinkafa, ta ɗaure kan fitilar tamau. Sai ga mai unguwa yana haki.

"Haba Iya, kayan hukuma ne fa!"

Ta leƙo shi daga sama.

"Fitilar tasu ce, na yarda. Daren kuwa nan suka tarar da shi, kuma nawa ne."