Kwana Uku a Firiza

"Kwana uku cif?" in ji Mai Rediyo daga kan gado.

"Cif," in ji Mai Firij. Ya zaro faifan sidi daga leda, sanyi na cizon yatsunsa.

Shekara ashirin shagunansu na jingine da juna, shida daga ciki sun tafi a musu guda. Mai Rediyo ya ce in faifai ya sha ƙanƙara, sauti kan fito tas. Mai Firij ya ce ƙanƙara ta kifi ce. Shi da ya tsufa a bayan firiza bai taɓa ganin sanyi ya gyara murya ba, sai dai ya shaƙe ta. Ko sau ɗaya bai yarda an gwada a shagonsa ba, sai da likita ya sallamo maƙwabcin nasa ba magani.

Muryar marigayiya matar Mai Rediyo ce a faifan. Daga tsohon kaset mijin ya kwafo ta, ƙarar shuuu ta fi maganar yawa. So yake ya ji ta sarai, ko sau ɗaya.

'Yarsa ta saka faifan. Na'ura ta yi gunji, ta tofo shi.

"Baba, ya ƙi."

Mai Firij ya duba. Faifan ya yi gumi sharkaf. Laifinsa ne, shi ya fi kowa sanin halin abin da aka fitar daga sanyi da gaggawa. Numfashin Mai Rediyo kuwa sai sama yake yi. Ya goge faifan da bakin riga, ya cusa shi a ƙirjinsa, ya dafe.

"Kaza kan ƙwai," in ji Mai Rediyo.

"Rufe mini baki."

A karo na uku faifan ya kama. Shuuu tana nan yadda take. Can ƙarƙashinta mace ta ce, "Malam, kashe abin nan ka zo ka ci abinci."

"Ka ji bambanci?" in ji Mai Rediyo.

Mai Firij ya ce, "Na ji."

"Maƙaryaci. Ba ka ma iya ba." Ya lumshe ido. "Maimaita mini."

Sau tara aka maimaita kafin yamma. A na goma 'yar ta ja mayafi ta rufe fuskar mahaifinta. Mai Firij yana zaune a bakin gado, hannunsa a kan na'urar, matar tana ta kira.