Wayar da Za Ta Ɗauko Jika

Hama direban sahara ne, mutumin Agadas, kuma a duniyarsa igiya iri biyu ce kawai: wadda za ta fitar da mota daga yashi, da wadda ba ta da amfani. Ya zauna a birnin Sabha, can ƙetaren sahara, tun shekarun da aka cika tituna da allunan taswirar Afirka, ana cewa duk baƙon da ya zo ɗan gida ne. Har ya samu ya soma ginin gidansa a unguwar Tayuri.

Ana cikin ginin sai 'yarsu Safoura ta haihu a Agadas. Matarsa Aïssa ta ce za ta je ganin jika. Gaban Hama ya faɗi, don wancan karon da ta je gida ta ce za ta yi ɗan lokaci, sai da ta shekara. Ya sha taliya mai ɗanyen manja har ya rame, gidan kuma ya yi masa faɗi. Ba zai taɓa faɗa ba, amma Hama ba ya iya zama babu Aïssa.

"Maman Safoura, wace tafiya kuma?" in ji shi. "Zamani ya zo. Intanet zan sa miki, ki ga yaron a kwamfuta kina zaune a ɗakinki."

Ta ce to, za ta gani.

Layin tarho a zaure ya tsaya, ɗakin Aïssa kuwa yana can ƙuryar gida, don haka sai an ja waya ta cikin bango kafin a yi shafe. Hama ya tafi unguwar Gurda, shagon Kamilu, wani Bakano mai sayar da kayan kwamfuta. Kamilu ya miƙo masa wata 'yar siririyar waya mai ruwan toka, ya feɗe bakinta ya nuna masa ƙananan wayoyi a ciki, an murɗe su bibbiyu.

Hama ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya naɗe ɗayan a hannu, ya ja. Wayar ta miƙe kamar cingam.

"Wannan ce za ta ɗauko hoto tun daga Agadas? Ka san hanyar kuwa? Yaron ma an ce ƙato ne."

"Alhaji, ba a gwada kebul da ƙarfi. Wannan ita ce ta intanet."

Idon Hama ya riga ya sauka kan wani baƙin naɗin waya mai kauri a lungu. Kamilu ya ce ta dish ce, ta talabijin. Hama ya fita da ita waje, ya ɗaura a bayan motarsa, ya ɗaura ɗayan bakin a buhun siminti na maƙwabcin shagon, ya ja buhun har bakin titi. Ko gezau wayar ba ta yi ba. Masu shayi suka tafa masa.

"Na ratsa hamadar Tenere tun kana shan nono," ya ce wa Kamilu. "Auna min wannan."

Kamilu ya auna. Mai shago ba ya faɗa da ciniki.

Aka binne baƙar waya a bango, aka yi shafe, aka shafa fenti kore. Hama ya riƙa shigo da abokansa direbobi yana bubbuga bangon, yana ce musu abin da ke ciki zai ja kamyo, babbar motar kaya.

Ranar haɗawa Kamilu ya zo, ya ɗauki bakin wayar ya kai bayan kwamfuta. Ramin ɗan ƙarami ne mai kusurwa huɗu, waya kuwa ga ta mulmulalliya kamar yatsa. Hama ya ce a faɗaɗa ramin. Kamilu ya rungume kwamfutar ya ce sai dai a bi ta kansa.

Aïssa ta miƙe. Ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta soma kaɗe shi.

Ganin akwatin nan ne ya sa Hama ɗaukar guduma. Da hannunsa ya farfashe koren bangonsa daga zaure har ƙurya, yana huci, fari fat da ƙura. Aka shimfiɗa siririyar wayar da ya raina. Kamilu ya yi ta danne-danne, can sai ga Safoura a gilashin kwamfutar, hoton yana tsayawa yana tafiya, da jariri a hannunta.

Daɗi ya kama Hama, ya ga ya tsira. Aïssa ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta yi dariya, ta yi hawaye, sai kuma fuskarta ta canza.

"Ke Safoura! Haka ake riƙe wuyan jariri? Wa ke yi masa wanka? Tallafe kansa, na ce!"

Ta miƙa hannu biyu don ta gyara, suka bugi gilashi. Ta daɗe tana kallon hannayen nata. Sannan ta juyo.

"Baban Safoura, Allah ya saka da alheri. Da ban gani ba, da na haƙura."

Hama ya dubi bangon, ya dubi matarsa. Ya san ta fi shi gaskiya. Ya ajiye gudumar, ya fita duba tayoyin motarsa, don ba zai bari wani direba ya ratsa sahara da ita ba.