Gawo Ne, Ba Gawa Ba

Da aka ɗauke ni aikin kula da itatuwan harabar kamfanin, sai aka ce gwaji ne: in damina ta wuce an ga amfanina, a bar ni. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce su ne suka shigo gwajina. Ban yi shekaru a makaranta ina murza ganye ina shinshinawa don in ƙare a ba furanni ruwa ba.

Kamfanin bai daɗe da tarewa a wurin ba, babu wanda ya san itatuwan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga darbejiya mai bakin ganye kamar zarto. Ga maɗaci, na lasa ɓawonsa na yini ina tofar da yawu. Sai wani ƙato a wajen ajiye motoci, tsirara, ko ganye ɗaya babu, alhali ruwa ake ta yi, kowa ya yi kore shar.

Manaja ya kira ni a waya yana cikin mota. "Ke 'yar itace, wancan busasshen fa?"

"Gawo ne, ranka ya daɗe."

"Ai na gani," ya ce, ya kashe.

Har na fara yaba iliminsa. Ashe gawa ya ji. Washegari na tarar da mai zarto a gindin itacen yana zuba wa injinsa mai. Na jefar da jaka, na jingina bayana da itacen.

"Ƙanwata, matsa," in ji mai zarto. "An ce mushe ne."

"Fara da ni."

Aka kira Manaja, ya sauko yana share gilashin idonsa. "Ba ke kika ce gawa ne ba?"

"Gawo na ce. Da gawa nake nufi ai 'ce' zan ce."

Direbobi suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Na jawo wani siririn reshe na nuna masa: fari-fat, yana tafiya a karkace, ƙaya biyu-biyu a kowace gaɓa. Na kankare shi da farce, ga kore a ciki, ɗanye. Na tono masa wani tsohon kwanson 'ya'yan itacen a kwata, a nannaɗe kamar kunne. Na ce itacen nan haka halinsa yake, da damina yake zubar da ganye, sai ruwa ya ɗauke ya yi ado.

"Itace ya ga ruwa ya tuɓe?" ya ce. "In reshe ya faɗo wa motar baƙo, ke za ki amsa? To, na ji. Bari ruwa ya ɗauke. In bai yi ganye ba, ku bar gidan nan tare."

"Na yarda," na ce, da ƙarfin da ya fi wanda nake da shi.

Daga ranar sunana ya koma Matar Marigayi. Kullum na shigo, mai gadi zai sassauta murya ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Nakan ce, "Yana gaishe ka." Matar da ke karɓar baƙi ta ce za ta nema mini wani miji, ko da mangwaro ne. A gida Yaya ta ce, "Kowa ya samu aiki ya riƙe Manaja, ke kin riƙe icen girki." Na ɗaga kai na wuce su duka.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, an malale kewayen gindinsa da siminti, kuma gawo ma yana mutuwa. Ga daminar ta ƙi tafiya. Sai a ce an gama, sai hadari ya sake haɗowa. Ni kaɗai ce a garin nake hararar gajimare. Mai zarto kuma ya koyi biyowa ta bakin ƙofa yana ɗaga mini hannu.

Daga ƙarshe ruwa ya ɗauke, shiru, babu ganye. Wuyana ya sage saboda kallon sama.

Ran nan da safe na ga wani abu a gindin ƙayoyin, ƙanana kamar kan ashana. Na ari tsanin mai gyaran wuta na hau. Toho ne, a kowace gaɓa, wasu har sun buɗe, ganye siri-siri kamar gashin tsuntsu. Dariya ta kama ni har tsanin yana rawa. Takalmina ɗaya ya faɗo a kan motar Manaja, ta hau kuka, ni ma na ƙara da tawa dariyar.

Ya fito a fusace. "Tsinko in gani."

"Ba zan tsinko ba, ranka ya daɗe. Sai dai ka hau."

Ya dube ni, ya dubi direbobin da suka taru. Sai ya tuɓe kwat ɗinsa ya miƙa wa mai gadi, ya hau a hankali, ni ina riƙe masa tsani da ƙafa ɗaya babu takalmi. Ya daɗe a sama.

"Baɗi ma haka zai yi?" ya tambaya bai sauko ba.

"Kowace damina."

"To sai ki zauna kusa. Ni mantuwa gare ni."